Gwiwoyin Ilaitia

Abin da Torika ta fara gani a jikin Ilaitia gwiwoyinsa ne.

Shagonsa yana saman bene a bayan kasuwar Nausori, tsakanin tela da mai gyaran waya. Ta hau da lemarta tana ɗigar ruwa, ta tarar da shi zaune a kan tebur yana shafa man kwakwa a gwiwa. Gwiwoyin nan sun yi baƙi, sun yi kanta kamar na tsohuwa mai saƙar tabarma.

Ya yi wuf ya ja sulunsa, zanen da mazan can ke ɗaurawa, ya rufe.

"Yi haƙuri, 'yar'uwa, ban ji hawowarki ba."

"Ciwo ne?"

"Sana'a ce."

Bai yi mata kama da mai ɗaukar bidiyo ba. Ba tabarau a goshi, ba hular da aka juya baya. Dogo ne mai sanyin murya, kuma da ta zauna a benci sai ya sauko daga teburin ya zauna ƙasa da ita. Ta lura da wannan, ta yi kamar ba ta lura ba.

Bikin yayarta Miliakere saura mako biyar. Rabin dangin ango suna Brisbane, can ƙasar waje, ba duka za su samu zuwa ba, don haka bidiyo ya zama dole. Torika ce malamar makaranta, ita ce mai zama a gari, sai aka ɗora mata nemo mai ɗauka. Mahaifinsu Sakiusa, wanda suke kira Ta, sharaɗi ɗaya ya kafa.

"Ba na son dogo a kan tabarmata."

Yana da dalili. A bikin ɗan ƙanensa an kawo wani mai kyamara da ya yi ta ratsa dattawa a tsaye, da hula a ka, har ya tsallake gaban akushin yaqona, abin shan saiwa da ake raba wa manya a taro, ana tsakar rabo. Ko yaron goye ya san ba a tsayuwa inda manya ke zaune, balle a ɗaga hannu bisa kan mutum. Shekara uku ke nan, Ta bai gama jin kunyar ranar ba.

Mutum uku ta gani kafin Ilaitia. Na farko ya ce yakan tsayar da fasto ya maimaita addu'a idan haske bai yi ba. Na biyu ya nuna mata aikinsa, awa guda ba ta ga komai ba sai sanƙon tsofaffi daga sama. Na uku Waisake ne, ɗan aminin Ta, mai ɗan jirgin nan da ke ɗaukar hoto daga sama. Shi tun suna sakandare yake bibiyarta, tun lokacin kuma take ce masa tana da jarrabawa.

Ilaitia ya kunna mata nasa. Fuskoki ta gani. Ta ga idon wata uwa ya ciko, ta ga hannun wani tsoho yana shafa igiyar tabua, haƙorin ƙaton kifin tekun nan da ba a neman aure sai da shi.

"Daga ina ka ɗauki wannan?"

"Daga inda kowa yake. A ƙasa."

"Duk bikin?"

"Kakata ce ta rene ni a tsibirin Kadavu. In na miƙe a gaban manya, tsintsiya ce take gaishe ni. Da na sayi kyamara, jikina ya ƙi mantawa."

Ta zaro takarda daga jaka ta karanto masa dokoki goma sha ɗaya, da murya irin ta aji. Ya saurara har ƙarshe, yana gyaɗa kai.

"An gama, Malama Dokoki?"

"An gama, Ɗan Rarrafe."

Sunayen da suka bi su ke nan. Da ta sauko daga benen ta yi nisa kafin ta tuna ta bar lemarta, kuma ba ta koma ɗauka ba.

Da yamma saƙo ya shigo wayarta.

"Malama Dokoki, lemarki tana hannuna. Tana cikin ƙoshin lafiya, amma tana tambayar ki."

Ta amsa: "Ka ce mata ta yi haƙuri sai Alhamis. Akwai doka ta goma sha biyu da na manta."

"In ta kai ashirin ma ina da benci."

Ta kai ashirin ɗin kuwa. Miliakere ta fara tsokanarta cewa ita da za a aurar ba ta zirga-zirgar da mai neman ɗan kyamara ke yi. Torika ta ce aiki ne. Aikin ya haɗa da shan shayi da burodi mai zafi a bakin kogi, da rakiya zuwa tashar bas, da yin shiru tare ba wanda ya gaji. Son shi take yi, ta sani, kuma ba ta ga amfanin yi wa kanta musu ba.

Saura mako guda biki, Ilaitia ya zo ƙauyensu na bakin kogin Rewa don ya ga wurin. Ya shigo da damin saiwar yaqona a naɗe, ya durƙusa tun daga ƙofa, ya yi gaisuwar baƙo ba tuntuɓe ko ɗaya. Ta ya karɓa, ya tafa hannu, ya dubi gwiwoyin da kyau.

"Wannan ya san ƙasa," in ji shi. A bakin Ta wannan babban yabo ne.

Daga nan suka fita wajen rumfar biki. Shekara arba'in duk rumfar da aka kafa a garin, ta aure ko ta makoki, Sakiusa ne ya ɗaure kwanon rufinta a kan gora, kuma ba a taɓa jin ɗaya ta motsa ba. Samari sun kafa ginshiƙai, amma ɗauri ya hana kowa taɓawa.

"Rumfar 'yata ce. Hannuna zai yi ta."

Ilaitia ya ce ko ya riƙe masa tsani. Ta ya ce a'a. Sau biyu wayar ɗauri ta suɓuce daga yatsun tsohon ta faɗo ƙasa, sau biyun Ilaitia ya juya yana duba kogi kamar an kira shi daga can.

A kwalekwalen komawa ya ce mata, "Torika, bayan biki ina so in tura kawunnaina wajen Ta."

"Su ɗauki bidiyo?"

"Su kawo tabua."

Ta sa hannu a ruwa tana wasa da shi, don kada ya ga fuskarta.

"Doka ta ashirin da ɗaya," ta ce. "Kada su makara."

Ranar biki aka tashi da ruwa, irin na Rewa da ba ya neman izinin kowa. An ɗaura aure a coci, aka dawo rumfa. Mata sun shimfiɗa tabarmi, ƙamshin gwaza da kifi cikin madarar kwakwa ya cika wurin. Ilaitia yana ta yawo a kan gwiwa tsakanin mutane, ba mai jin motsinsa. Tun da safe ya rataye 'yar makirfo a jikin gora, daidai inda Ta zai zauna, saboda ƙarar ruwa.

Dangin ango suka miƙa tabua. Ta ya karɓa da hannu biyu ya fara jawabi, kowa ya sunkuyar da kai. Torika na gefen mata, idonta a kan tabarma.

Sai ta ji numfashin mutane ya sauya. Ta ɗago.

Ilaitia ne tsaye, ƙiƙam, a bayan mahaifinta, hannayensa biyu a sama bisa kan tsohon. Bai fi ƙirga biyar ba ya koma ƙasa. Amma an gani. Sarkin gari ya gani, surukai sun gani.

"Makirfonsa yake gyarawa," in ji Waisake daga layin samari, da muryar da ya tabbatar ta isa ko'ina. "Sauti ya fi kan dattijo daraja, ai."

Ta bai tsaya ba. Ya kai jawabinsa ƙarshe, aka tafa, aka sha yaqona. Sai da aka tashi cin abinci ya kira Torika bayan ɗaki.

"Ke kika kawo shi."

"Ni ce, Ta."

"Ya gama aikinsa, ki sallame shi."

Ba ta sallame shi da baki ba, don ta san in ta buɗe baki kuka zai riga magana fita. Washegari ta tura saƙo.

"Dokar farko ce. Ita kaɗai Ta ya roƙa. Na tsaya maka a gaban kowa, ka tashi a kansa saboda makirfo?"

Ya maido amsa.

"Na tashi, Malama. Ba zan ce ban tashi ba. Zan zo in ba shi haƙuri."

"Dalili nake tambaya."

"Ba ni da wanda zan iya faɗa."

Wannan ya fi komai ƙona mata rai. Da ƙarya ya yi mata ma, da ta samu abin riƙewa.

Ran Asabar Ilaitia ya zo da kawunsa da damin yaqona, tafin hannunsa na dama a naɗe da bandeji. Ya zauna can bakin ƙofa, kai a ƙasa, kawun ya yi maganar ban haƙuri. Ba wanda ya kawo uzuri. Ta ya karɓa, don ba a mayar da mai ban haƙuri da kayansa.

"Na yafe. Ƙafarka tana iya shiga garin nan. Amma na ji ana raɗe-raɗin wata magana. In akwai ta, kada manyanka su wahalar da kansu."

Torika tana bayan labule, ta ji komai. Da zai fita suka yi kiciɓis a bakin tankin ruwa.

"Me ya samu hannunka?"

"Sana'a ce."

"Kullum sana'a."

"Bidiyon zai iso nan da mako biyu. Ki kula da kanki, Torika."

Sunanta ya kira, ba Malama Dokoki ba. Ta shiga ɗaki ta yi kukan da ta riƙe tun ranar biki.

Waisake bai ɓata lokaci ba. Mahaifinsa ya zo hira sau biyu cikin kwana goma, a na biyun ya ce in ba damuwa za su shigo da magana Asabar ɗin farko ta wata mai zuwa. Ta ya gaya wa Torika a wajen cin abinci.

"Ba zan tilasta ki ba. Amma wancan kam, muddin ina numfashi, ba zan karɓi tabua daga hannun danginsa ba. Wanda ya tsaya a kaina a gaban surukaina, gobe a kanki zai tsaya."

Torika ta ce ta ji. Waisake dai ba ta so, wannan ba sabon labari ba ne. Wanda take so kuma ya rufe wa kansa ƙofa, ya ƙi faɗin abin da ya sa.

Bidiyon ya iso ranar Juma'a ta hannun mai kwalekwale. Ran Lahadi bayan coci aka taru a ɗakin Ta, har Miliakere da angonta. Aka yi ta dariya ana nuna juna. Aikin ya yi kyau, har haushin kyansa Torika ta ji.

Aka zo jawabin Ta. Muryarsa ta fito tas, fuskarsa cike da talabijin. Can sai hoton ya karkace, ya sauka, ya tsaya cak a kan tabarma. Ba a ganin komai sai gwiwar Ta da igiyar tabua. Wata ƙara ta ratso, doguwa, mai kartar kunne. Ƙafafu biyu suka shigo hoton da sauri. Ƙarar ta tsaya, ta sake yin gajeriya. Wani abu ja ya ɗiga a bayan ƙafar, ɗigo uku. Ƙafafun suka ja baya, hoton ya ɗago ya koma kan fuskar Ta.

"Nan ne ya yi abin kunyar," in ji wata gwaggo.

"Mayar baya," in ji Ta.

Torika ta mayar.

"Ƙara."

Sau uku ana maimaitawa. A na ukun ya rufe ido, da kunne kawai ya bi.

"Torika, wa ke riƙe da kyamarar a nan?"

"Ba kowa, Ta. A ƙasa take."

"Ƙarar nan kafin ya tashi ta fara, ko bayan ya tashi?"

Torika ta sake saurara.

"Kafin."

Ta ya buɗe ido.

"Kwano ne yake zamewa a kan gora. Na san kukansa tun ba a haife ku ba. A ranar, ƙarar ruwan sama ta toshe mini kunne, amma abin nan da ya rataye a gorar ya ji." Ya ɗaga hannayensa yana kallon yadda suke rawa. "Wanda ke bisa kaina ne. Ni na ɗaure shi. Da bakinsa zai sauko, a wuyana."

Miliakere ta rufe baki da gefen mayafinta.

"Ya zauna a ƙofar nan ya ba ni haƙuri," in ji Ta a hankali. "Da yankan kwanona a hannunsa."

Torika ta fita bayan ɗaki, ta tura wa Ilaitia saƙo.

"Mun gani. Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Na so in yanke wurin daga bidiyon, amma tsakiyar jawabinsa ne, ba ya yankuwa. Ban zaci za a lura ba."

"Ilaitia, ina tambayar ka."

"In ce wa mutum a gaban surukansa ɗaurinsa ya kwance? Shekara arba'in, Malama. Ni sabon shiga ne, kunyata ba ta da nauyin tasa."

"Ni fa? Da ka rasa ni?"

"Wannan ne ya hana ni cin abinci mako uku. Tela ma ya ce na rame."

Ta yi dariya da hawaye a fuska, ta rubuta: "Wawa. Ɗan Rarrafena."

Ran Litinin Ta ya sa farar rigarsa ta coci, ya ce Torika ta raka shi Nausori. Ya hau benen nan a hankali, yana hutawa a kowane mataki na uku, damin yaqona a hammata. Da ya shiga shagon bai dubi benci ba, ya zauna a ƙasa. Ilaitia ya zube tun kafin tsohon ya gama zama.

"Ta, don Allah, ba kai za ka..."

"Yi shiru, yaro. Yau ni ne mai magana. Kawo hannun."

Ya kwance bandejin da kansa. Yankan ya ratsa tafin daga gefe zuwa gefe. Ya daɗe yana kallo.

"Na kore ka a kan ka cece ni. Na zo da ƙafata in ce ka yafe mini."

"Ba abin yafewa, Ta. Na tsaya a kanka, gaskiya ne."

"Ka tsaya." Ya saki hannun. "Ka gaya wa kawunnanka hanya a buɗe take. Su yi sauri, kafin 'yar nan ta ƙara wata dokar."

Aminin nasa, mahaifin Waisake, kuwa, Ta ya je har gida ya ba shi haƙuri. Waisake ya yi fushin wata guda, daga baya aka ga ɗan jirginsa yana shawagi a bikin wata 'yar Lautoka da ta fi son a ɗauke ta daga sama.

Bayan wata bakwai aka sa rana. Sai ga matsalar da ba wanda ya hango: wa zai ɗauki bikin mai ɗaukar biki? Duk wanda Torika ta kawo, Ilaitia sai ya samo masa aibu. Ta ya gaji, ya ce a turo masa su. Mutum huɗu suka zo. Bai kalli aikin ko ɗaya ba. Ya zauna a ƙuryar ɗaki ya ce kowa ya taho daga ƙofa zuwa gabansa da kyamara a hannu, ba tare da kansa ya wuce na mai zaune ba. Uku suka iso suna nishi. Na huɗun, wani siriri daga Tailevu mai suna Netani, ya iso kamar kyanwa.

"Ɗaga sulunka in ga gwiwa," in ji Ta. Ya duba. "Ba ta kai ta surukina ba, amma za ta yi."

Rumfa kuma, a karon farko cikin shekara arba'in, Sakiusa bai hau tsani ba. Ya zauna a ƙasa da sandarsa, ango yana sama da wayar ɗauri a hannu.

"Sau uku ake murɗawa! Na ce uku, kai ɗan Kadavu!"

"Uku na yi, Ta."

"Ƙara ɗaya, don ni."

Ranar auren ma an yi ruwa, ba kwanon da ya motsa. Da Ta ya karɓi tabua ya yi jawabin da aka saba, sai ya ƙara da nasa.

"Kowa a garin nan ya san ba na son mai tsayuwa a kaina. Mutum ɗaya ya taɓa yi, shi na ba 'yata. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku 'ya'ya masu sanin lokacin zama da lokacin tashi. Rufin da ke kanku, Allah ya riƙe muku shi."

Aka amsa da amin, aka tafa har rumfar ta ɗauka.

Torika ta saci kallon angonta, ta ga idonsa na bin Netani, leɓensa na motsi.

"Ɗan Rarrafe," ta ce ƙasa-ƙasa, "yau kai ake ɗauka. Bar yaron mutane ya yi aikinsa."

"Ya yi nisa da Ta, ba zai samu fuskarsa ba."

"Doka ta ƙarshe. Ni za ka kalla."

Ya juyo ya kalle ta. Ta laluba ƙarƙashin gefen tabarmar da aka naɗa mata ta adon amarya, ta kama hannunsa na dama, ta ɗora yatsanta a kan tabon, ba ta saki ba har aka gama addu'a.